Olikoye Ransome-Kuti, likitan yaran da ya ja daga da kamfanonin magani, madara da taba

Duk wanda ya taɓa sayen magani a hannun ƴan talla a Zongon Paraku ko a kasuwar Jugu ya san cewa da yawa daga cikin kwalayen daga Najeriya suke shigowa, wasu ta Chikanda da Nikki, wasu ta Kwatano. A jikin mafi yawansu akwai wata lamba da ake bugawa bayan haruffan NAFDAC. Mai saye kan duba ta hankalinsa ya kwanta, masu yin jabu kuma kan kwaikwaye ta saboda sun san darajarta. Hukumar da ke ba da wannan lamba tana cikin abubuwan da wani likitan yara ya bari a bayansa, mutumin da ya riƙe ma'aikatar lafiya ta Najeriya daga 1985 zuwa 1992, wato marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti.

A ƙasashenmu an fi sanin ƙanensa, mawaƙi Fela Kuti. Shi Olikoye ba mai hayaniya ba ne. Amma a shekara bakwai da ya yi yana minista an kafa dokoki a kan jabun magani, da jerin magungunan da aka yarda a sayar, da tallar madarar jarirai, da shan taba sigari. Kowace ɗaya ta taɓa aljihun wasu masu ƙarfi, kuma kowace ɗaya ta gamu da masu neman dakushe ta. Yadda ta kaya da waɗannan dokoki ya shafe mu da ke zaune kusa da iyaka, domin kayan da aka kasa tacewa a Legas ko Anacha ko Kano a kasuwanninmu suke ƙarewa.

Gidan da ya fito

An haife shi ranar 30 ga Disamba 1927 a Ijebu-Ode, cikin ƙasar Yarbawa. Mahaifinsa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin coci ne kuma shugaban makarantar sakandare, shi ne ma shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya da aka kafa a 1931. Mahaifiyarsa, Funmilayo, ita ce ta haɗa kan matan kasuwar Abeokuta suka yi tsayin daka a kan harajin da aka ɗora wa mata, har sarkin garin ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. A wannan gida ya tashi tare da yayarsa Dolupo da ƙannensa biyu, Fela da Beko. Marubuci Wole Soyinka ɗan'uwansu ne na jini.

Ya yi sakandare a Abeokuta a hannun mahaifinsa, sannan ya tafi birnin Dublin na ƙasar Ailan, inda ya karanci likitanci a Kwalejin Trinity daga 1948 zuwa 1954. Da ya dawo gida ya yi aiki a babban asibitin Legas da asibitin koyarwa na Ibadan, ya ƙware a kan cututtukan yara. Daga baya ya koma asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ya shugabanci sashen yara daga 1968 zuwa 1976, ya kuma kai matsayin farfesa.

Abin da ɗakin yara ya koya masa

Cututtukan da ke cika ɗakin yara a wancan zamani sanannu ne a wurinmu: zawo, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu da tamowa. Kusan dukansu ana iya hana su, ko a warkar da su da abu mai araha, in an tare su da wuri. Sai dai yawanci sai yaro ya galabaita ake kawo shi babban asibiti, bayan iyaye sun ƙarar da kuɗinsu a wurin mai kemis. Olikoye ya fahimci cewa ƙwararren likita da ke zaune a Legas yana jiran a kawo masa yara ba zai taɓa rage yawan masu mutuwa ba. A ƙarshen shekarun 1960 ya buɗe wata ƙaramar shan-magani ta gwaji a Legas, inda malaman jinya ke duba uwa da ɗanta da kansu, su yi rigakafi, su ba da magani, su koyar da ciyarwa, ba sai an jira likita ba.

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa a Najeriya, gwamnati ta fito da shirin kai kiwon lafiya ƙauyuka, aka sa shi cikin masu jagorancin aikin. Shirin bai kai inda aka so ba. Mafi yawan kuɗin ya tafi wajen gine-gine da na'urorin da aka yi odarsu daga ƙetare, ƴan kwangila suka ci riba, aka bar ɗakunan shan-magani da yawa ba a gama su ba, waɗanda aka gama kuma babu ma'aikata a ciki. Tun daga nan ya ga yadda mai sayar da kaya kan karkatar da manufar gwamnati zuwa ga abin da shi yake da shi na sayarwa.

A daidai wannan lokaci duniya ma tana juyowa wajen ra'ayinsa. A 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda masu Faransanci ke kira OMS, ta fitar da jerin farko na muhimman magunguna, kimanin 200, ta ce sun isa su biya mafi yawan buƙatun jama'a. A 1978 taron Alma-Ata ya amince da kiwon lafiya matakin farko a matsayin hanyar kai lafiya ga kowa. A 1981 kuma ƙasashe 118 suka amince da ƙa'idar tallar madarar jarirai, Amurka kaɗai ta kaɗa ƙuri'ar ƙi.

Minista a gwamnatin soja

Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a Agusta 1985, ya naɗa shi ministan lafiya. Karɓar wannan aiki ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan gidan Kuti. A Fabrairu 1977 sojoji sun afka wa gidan Fela a Legas, suka jefo mahaifiyarsu daga tagar bene, ta rasu a Afrilu 1978. Ranar da aka naɗa Olikoye, Fela na kurkuku, sai a 1986 aka sake shi. A 1992 kuma, yana kan kujerar minista, gwamnatin da yake wa aiki ta kama Beko, wanda shi ma likita ne kuma ɗan rajin kare haƙƙin jama'a. Olikoye bai ajiye aiki ba. Har yau akwai masu ganin wannan a matsayin tabo a tarihinsa, akwai kuma masu cewa da ya tafi, da yaran talakawa ne suka yi hasara.

Mulkin soja ya ba shi abu ɗaya, wato sauri. Babu majalisar da za a yi shekaru ana ja-in-ja a cikinta, in shugaba ya sa hannu doka ta tabbata. Amma ƙofar da minista ke bi ya isa wurin shugaba, ita ce mai masana'anta ma ke bi. Dokar da aka kafa a ofis ba tare da jama'a sun ji muhawararta ba, ana iya rage ta a ofis ba tare da sun sani ba.

Ya fara da aikin da ya fi sani. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don su zama abin koyi a kiwon lafiya matakin farko, a 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa. Aka koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai zawo, aka shiga ƙauyuka da allurar rigakafi, har alƙaluman gwamnati suka nuna cewa a 1990 kimanin yara 80 cikin 100 sun samu. A Satumba 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya tanadi a ajiye muhimman magunguna a asibitin unguwa, a sayar da su da araha, kwamitin mutanen gari ya riƙa juya kuɗin don kada maganin ya yanke. Benin da Gini na cikin ƙasashen da suka fi yin nisa da wannan shiri, kuma kwamitocin kula da asibitocin unguwa da muka sani a nan daga can suka samo asali. Olikoye ya shigar da shi Najeriya. Shirin yana da nasa aibi, domin talakan da ba shi da ko ɗan abin biya yakan tsaya a waje.

Dokoki biyu a kan magani

Kasuwar maganin da ya tarar a hargitse take. A farkon shekarun 1980 an riƙa raba lasisin shigo da kaya ga mutanen da ba su san komai game da magani ba. A 1986 aka karya darajar naira, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, asibitocin gwamnati suka zama wurin rubuta takarda kawai. Jama'a suka koma manyan kasuwanni, Idumota a Legas, bakin gada a Anacha, Ariaria a Aba da Sabon Gari a Kano, inda ake jibge na gaske da na jabu a rumfa ɗaya cikin zafin rana.

Doka ta farko, mai lamba 21 ta 1988, ta haramta yi da sayar da jabun magani, ta kuma hana sayar da magani a kasuwa, da tashar mota, da cikin motocin haya. An kafa rundunoni na musamman don aiwatar da ita. An yi kame, an ƙona kaya, amma kasuwannin ba su gusa ba. Ƴan kasuwar suna da ƙungiyoyi da kuɗi da iyayen gida, kuma jama'a ba su da wani wurin da za su je.

Doka ta biyu, mai lamba 43 ta 1989, ta fi ta farko tsauri. Ta kafa jerin muhimman magunguna na ƙasa, ta ce duk maganin da ba ya cikin jerin ba za a shigo da shi ba, ba za a yi shi ba, ba za a sayar da shi ba, ko a asibitin gwamnati ko a na kuɗi. Hikimar a fili take. Ƙasar da ba ta da isassun masu bincike ba za ta iya sa ido a kan dubban sunaye ba, amma za ta iya a kan ƴan ɗaruruwa. Kuma kuɗin ƙetaren da ake kashewa wajen shigo da ruwan ƙara jini da gaurayen maganin tari marasa amfani sai ya koma ga abin da ke ceton rai. Ƙasar Bangaladash ta yi irin wannan a 1982, ta soke magunguna fiye da 1,600, ta sha matsin lamba daga manyan kamfanonin waje.

Najeriya ma ba ta tsira ba. Masu masana'antu da masu shigo da kaya suka ce dokar za ta rufe kamfanoni ta jefa ma'aikata cikin zaman banza. Wasu likitoci suka ce an ɗaure musu hannu wajen zaɓa wa majinyaci abin da ya dace da shi. A cikin ƙorafin akwai na gaskiya, domin ana samun majinyacin da maganinsa ba ya cikin jerin. Amma maimakon a gyara wannan giɓi, a 1992 aka yi wa dokar kwaskwarima ta koma aiki a kan asibitocin gwamnati kaɗai. Ba a soke ta ba, sunanta yana nan cikin littafin dokoki, sai dai kasuwar da aka yi ta dominta ta fita daga ƙarƙashinta.

Yara 109

Tsakanin kafa wannan doka da rage ta ne aka yi babban rashi. A daminar 1990 aka fara kawo yara asibitin koyarwa na Jos da zazzaɓi da amai, fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta daina aiki. A Jos kaɗai likitoci sun ƙidaya yara 47 da suka rasu tsakanin Yuni da Satumba. Aka ga irin haka a Ibadan. Jimillar da aka sanar ita ce yara 109.

Bincike ya gano cewa ruwan parasitamol aka ba su. Ana narkar da garin maganin ne a cikin wani sinadari mai suna furofilin gilikol, amma sai aka sayar wa masu haɗawa da wani mai kama da shi, diyetilin gilikol, wanda ake amfani da shi a ruwan burki da ruwan sanyaya inji. Ba shi da launi, yana da ɗan zaƙi, ya fi araha, kuma yana kashe ƙoda. Babu wanda ya gwada shi kafin ya shiga kwalba. Irin wannan guba ce ta kashe mutane fiye da 100 a Amurka a 1937, abin da ya sa a 1938 ƙasar ta kafa dokar tilasta gwada magani kafin a sayar.

Bayan wannan masifa wasu ƙasashen Afirka ta Yamma suka hana shigo da magungunan da aka yi a Najeriya. Ya bayyana cewa ɗan sashen da ke kula da abinci da magani a cikin ma'aikatar lafiya ba shi da kuɗi, ba shi da iko, kuma takarda kan yi watanni a kan tebur. Olikoye ya sa aka tsara hukuma mai zaman kanta. An kafa majalisar gudanarwarta a ƙarshen 1992, a kwanakinsa na ƙarshe a ofis, dokar da ta tabbatar da ita kuma, mai lamba 15, ta fito a 1993. Ita ce NAFDAC.

Madarar gwangwani

A matsayinsa na likitan yara ya daɗe yana ganin abin da bulumboti ke yi a gidan da babu tsabtataccen ruwa. Kamfanoni kan ba asibitin haihuwa madara kyauta, a ba mai jego gwangwani ɗaya ta tafi da shi gida. Kafin ya ƙare ruwan nononta ya ragu, tunda jariri ya daina tsotsa. Daga nan dole ta saya. In kuɗi ya gaza sai ta ƙara ruwa ta rage gari, ruwan kuma na rijiya ne. Zawo da tamowa su biyo baya.

Doka mai lamba 41 ta 1990 ta sa ƙa'idar 1981 cikin dokokin Najeriya, ta taƙaita talla da rabon madara kyauta, ta kuma tilasta a rubuta a jikin gwangwani cewa nonon uwa ya fi. Da OMS da UNICEF suka fito da shirin asibitoci masu goyon bayan shayarwa a 1991, Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga. Ita ma wannan doka ta fito da ramuka, sai da aka ƙara mata ƙarfi a 1999. Tallar kuma ba ta mutu ba, ta sauya hanya ne kawai, ta koma ta hannun ma'aikatan asibiti da kyaututtuka da ɗaukar nauyin taruka, yau kuma ta wayar hannu.

Taba da takardun sirri

A wajen taba sigari ne aka fi samun hujja a rubuce. Doka mai lamba 20 ta 1990 ta hana shan taba a asibitoci, makarantu, ofisoshi, gidajen silima da motocin haya, ta kuma tilasta buga gargaɗin ma'aikatar lafiya a jikin kwali da cikin talla. A lokacin ana noman taba a arewa da kudu, kamfanin taba na Najeriya yana da masana'antu a Ibadan da Zariya, gwamnati kuma tana samun haraji mai kauri.

Shekaru bayan haka, shari'o'in da aka yi da kamfanonin taba a Amurka suka tilasta musu fito da miliyoyin takardunsu na cikin gida. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka wallafa abin da suka tono game da Najeriya. Kamfanonin sun sami daftarin dokar shekara biyu kafin ta fito, suka bi ma'aikatun gwamnati suna kamun ƙafa, suka gabatar da nasu kalmomin, har dokar da aka sa wa hannu ta fito da rauni fiye da yadda aka tsara ta. Takardun sun kuma nuna abin da suke tsoro: in Najeriya ta yi doka mai ƙarfi, sauran ƙasashen Afirka ta Yamma za su bi sahu. Wato lokacin da ake sassauta dokar a Legas, har da kasuwar Benin da Nijar da Togo ake karewa.

Bayan ya sauka

Abin da ya biyo bayan tafiyarsa ya nuna yadda aikin ya dogara da mutum ɗaya. Rigakafi ya ja baya ƙwarai a shekarun 1990. Ƙananan hukumomin da ya miƙa wa asibitocin unguwa ba su da kuɗin riƙe su. NAFDAC ta yi shekarunta na farko ba ta da wani kwarjini. A ɓangarenmu kuma, a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin farmasi ya fi ƙarfin mutane da yawa, ƴan tallar magani suka ƙaru.

A 1995, lokacin annobar sanƙarau, Nijar ta karɓi kyautar allurar rigakafi daga Najeriya. Daga baya aka gano cewa jabu ce, babu sinadarin rigakafi a cikinta, bayan an riga an yi wa mutane fiye da 50,000. OMS ta danganta mutuwar kimanin mutum 2,500 da wannan. A 1996 annobar ta afka wa Kano, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi ya ce cutar ce ta kashe su, a 2009 kuma aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da wannan ya shuka yana cikin abubuwan da suka sa mutane suka ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003.

Shi kuwa Olikoye ya ci gaba da aiki da hukumomin duniya a kan lafiyar Afirka. A zamaninsa na minista ne, a 1986, Najeriya ta bayyana cewa cutar sida, wato ƙanjamau, ta shigo ƙasar, lokacin da gwamnatoci da dama ke ɓoyewa. Ranar 2 ga Agusta 1997 Fela ya rasu. Washegari yayansa ya tara ƴan jarida ya faɗa musu cewa sida ce ta kashe shi. Wasu daga dangi da masoya ba su ji daɗi ba, tunda a lokacin abin kunya ake ɗaukar cutar. Amma miliyoyin mutanen da ke cewa ƙaryar Turawa ce sun ji sunan wanda suka sani. Mutumin da ya nemi kamfanoni su rubuta gaskiya a jikin kwali bai ɓoye ta gidansu ba.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ya karɓi lambar yabo ta Léon Bernard daga OMS a 1986, da ta Maurice Pate daga UNICEF a 1990. Abokan aikinsa da masu sukarsa sun haɗu a kan cewa ya bar ofis bai tara dukiya ba, a ma'aikatar da kwangilar magani ke bi ta cikinta.

Ranar 21 ga Mayu 2003 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar taƙaita shan taba, wadda sashe na 5.3 a cikinta ya wajabta wa gwamnatoci su kare manufofin lafiya daga hannun kamfanonin taba. Kwana goma sha ɗaya bayan haka, ranar 1 ga Yuni 2003, Olikoye ya rasu a Landan, inda ya je wani taron OMS, yana da shekara 75. A wannan shekarar ce kamfanin British American Tobacco ya buɗe sabuwar masana'antarsa a Ibadan, bisa yarjejeniyar dala miliyan 150 da ya ƙulla da gwamnati a 2001. Najeriya da Benin duk sun tabbatar da yarjejeniyar taba a 2005. Najeriya ta yi sabuwar doka a 2015, Benin a 2017.

Hukumar da ya kafa ta farfaɗo a hannun Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, har aka kai mata harin bindiga a Disamba 2003 ta tsallake rijiya da baya. Duk da haka gubar 1990 ta dawo. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, a 2022 kuma ruwan maganin tari daga Indiya ya kashe kimanin 70 a Gambiya. Hanin sayar da magani a kasuwa da aka rubuta a 1988, sai a 2024 aka tilasta wa ƴan maganin Sabon Garin Kano komawa sabuwar cibiyar Dangwauro, bayan shekara 36.

Benin ta bi tata hanyar. A Fabrairu 2017 jami'an tsaro suka rushe kasuwar magani ta Adjégounlè a Kwatano, suka kwashe tan-tan na kaya. A Maris 2018 kotu ta ɗaure shugabannin wasu manyan kamfanonin rarraba magani masu lasisi, abin da ya nuna cewa matsalar ba ta tsaya a kan mai tire a ka ba. A 2017 ɗin ne OMS ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, magani ɗaya cikin goma jabu ne ko mara inganci.

A Zongo wannan magana tana da nauyi ta fuska biyu. Cikin masu tallar magani akwai ƴan'uwanmu da ke ciyar da iyali da ita, cikin masu sha kuma akwai ƴaƴanmu. Tarihin Olikoye ya nuna cewa kame shi kaɗai ba ya tsayar da kasuwar. Inda ya yi nasara shi ne inda ya haɗa hani da madadi, ya kawo magani mai kyau mai araha kusa da gida, ya sa mutanen unguwa cikin lissafin kuɗinsa. Inda aka ci shi kuwa shi ne inda aka tattauna dokar tsakanin minista da mai kamfani, jama'a ba su san ana yi ba. Don haka duk lokacin da aka ce ana shirya sabuwar doka a kan magani ko madara ko taba, a Porto-Novo ne ko a Yamai ko a Abuja, ya kamata ƙungiyoyinmu na Zongo, da ƴan jaridarmu, da wakilanmu a kwamitocin asibiti su nemi ganin daftarin tun da wuri, su kuma tambayi su wa suka riga su ganinsa.